Ganyen da Ba a Binnewa

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar

Wannan littafin lissafina ne na aji shida, akwai sauran shafuka a bayansa. Ba na son kowa ya karanta.

Yau kwana biyar da tafiyar Yaya Sammani. Ranar Alhamis ya tafi kai gilashin tagogi wani ƙauye ta yamma, ya ce Asabar zai dawo. An ga motar da ya tafi da ita. Gilashin yana ciki, ko ɗaya bai fashe ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Makullin shagonsa na bakin zaure yana hannuna, saboda kifi. Akwatin gilashi ne da ya haɗa da hannunsa, tsawonsa ya kai in buɗe hannuwana biyu. Kifi shida ne, huɗu rawaya kamar ƙwaiduwa, biyu shuɗaye masu baƙin zane. Ya ce sunansu sikilid, dangin karfasa ne, sai dai su ba a cin su. Ya ce in ba su abinci sau ɗaya da safe, abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Ana gobe zai tafi ya kawo ganyen ruwa cikin leda, ya zuba a bokiti. Ya ce, "Sadiya, kar ki taɓa waɗannan. In na dawo ni zan sa su."

Yau bokitin ya fara wari.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Na taɓa.

Iri uku ne. Ɗaya laushi gare shi kamar gashi. Ɗaya dogo kamar ganyen albasa. Ɗaya ganyensa tauri kamar na gwaiba, yana da wani kaurin jiki a ƙasa kamar ɗanyar citta, saiwa na fita daga cikinsa. Na yi yadda Kakata take dashen tumatir: na yi rami a yashin akwatin da yatsa, na sa, na maida yashi, na danne sosai. Ruwan ya kai min har hammata. Kifin duk suka ɓuya bayan duwatsu.

Ya yi kyau. In ya dawo ya yi faɗa, na yarda.

Mata suna ta shigowa jaje. Kowa ta ce Allah ya bayyana shi, Mama ta ce amin, ta sunkuyar da kai. Mama ba ta faɗin sunan Yaya, shi ne ɗan fari. Tun da nake ban taɓa ji ba. Ba ta kuka gaban mutane, ba ta tambayar kowa labari. In mun rage mu biyu sai ta ce, "An ba kifin nan abinci?" In ce e. Sau huɗu ta tambaye ni yau.

Alhamis, 8 ga Agusta, da safe

Duk suna bisa ruwa. Duka. Saiwarsu a sama, fara fat, suna juyawa a hankali.

Ƙofa a kulle na iske ta. Makulli a bakin zanina ya kwana.

Alhamis, bayan la'asar

Na sake dasawa. Na ƙara zurfi.

Juma'a, 9 ga Agusta, da safe

Haka na sake iske su.

Ba labari.

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Mama ta gani. Ina tsaye da abincin kifi a hannu na ji mutum bayana. Tun da Yaya ya koma shagon nan ban taɓa ganin ta taka shi ba.

Ta ce, "Wa ya tuge su?"

Na ce ban sani ba.

"Kin binne su da kyau?"

Na ce e. Na ce kullum ina binnewa da yamma, kullum haka nake iskewa.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ƙasa ba ta karɓa ba." Ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta ce, "Ki maida su."

Ban gane maganar ba, amma ta ba ni tsoro.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan azahar

Shagon har yanzu ƙanshin turarensa yake. Injin iska na akwatin yana aiki da 'yar solar da ya haɗa, ba ya tsayawa ko an ɗauke wuta. Ƙararsa kamar mutum na kurkure baki a nesa.

Rigarsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. In na duƙa gaban gilashin sai inuwarta ta fito a ciki, daidai bayan kaina, kamar wani ya tsaya yana duba aikina. Na san riga ce. Duk da haka ba na waiwayawa.

A kusurwar akwatin, inda ya shafa gam, akwai shatin babban yatsansa. Na ɗora nawa. Bai cika rabi ba.

Laraba, 14 ga Agusta, da safe

Mai laushin nan yana ƙarewa. Sanduna kawai suka rage. Ban san inda ganyen yake tafiya ba.

Mama tana zuwa kullum bayan ta idar da sallar asuba. Ba ta shan ko ruwa sai ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga suna bisa ruwa, ta faɗi maganar nan, ta tafi.

Alhamis, 15 ga Agusta, da yamma

Wata tsohuwa ta zo daga Ƙofar 'Yandaka. Da za ta tashi ta ce, "To, Allah ya ji..." sai ta kama tari. Ta ce, "Allah ya bayyana shi." Kowa ya ji. Ba wadda ta ɗaga kai.

Mama ta ce mata, "Ƙasa ba ta karɓa ba, Goggo." Ta ba ta labarin ganyen. Kafin magariba duk layinmu an ji. Na je ɗebo ruwa na ji ana cewa da aljanu a shagon.

Sati biyu yau.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Kawu Ɗanliti ya zo. Yayan Mama ne, shi ke tsaya mana tun rasuwar Baba. Ya ce in buɗe shagon. Ya kalli akwatin, ya kalli Mama, ya ga yadda wuyanta ya rame.

Ya ce, "Yanzu kifi ya zama boka a gidan nan? Ke da na sani da carbi? Camfi ne wannan. Mutane na cewa kin fara taɓuwa."

Mama ta ce, "To, Yaya."

"Kwana nawa rabonki da tuwo?"



Ya ce, "Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo da mai kura. A fitar da shi. Kifin a juye su a kududdufi. Ba zan rasa mutum biyu ba."

Biyu ya ce. Da ya ji abin da ya faɗa sai ya cire hula ya goge kai.

Kududdufin bayan layinmu kore ne shar, ledoji da ruwan kwata ne cikinsa. Ba za su kwana ba. A duk gidan nan su kaɗai ne abin Yaya da ke motsi.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan azahar

Na gani.

Yau da rana na dasa, sai ruwa ya kece, na kasa tsallaka tsakar gida. Na zauna a ƙasa na jingina da gado. Ban motsa ba. Can sai babban shuɗin ya fito daga bayan dutse. Ya je gindin mai kama da albasa, ya cika baki da yashi, ya je gefe ya tofar. Ya dawo, ya cika, ya tofar. Kamar mai haƙar rijiya. Har saiwa ta fito, ya ja da baki, ganyen ya tashi sama. Rawayan nan suka taru a kan sauran mai laushin suna tsinka kamar awaki.

Kifi ne. Tun farko kifi ne.

Ya kamata in ji daɗi. Na yi kuka har ruwa ya tsaya. Ashe ni ma ina so a ce wani ne.

Litinin, 19 ga Agusta, da yamma

Kawu ya kawo wa Mama fura. Na shirya maganar tun safe: Kawu, kifi ne ke tugewa, ba wani abu. Na durƙusa gabansa. Na ce sannu da zuwa. Ya ce yauwa Sadiya. Bakina ya tsaya nan.

Ko na faɗa, zai ce to su ne masu laifin, a zubar.

Na yi tunani. In ganyen ya zauna, Mama za ta daina tsorata, ta ci abinci. In ta ci abinci Kawu zai bar akwatin. Saura kwana huɗu.

Talata, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Na yi ƙarya yau. Na ce zan maida wa ƙawata littafi, na hau napep zuwa Ƙofar Kwaya. A can matar da ke sayar wa Yaya kifi take. Ya taɓa zuwa da ni a mashin, na jira a waje. Na tuna shuɗin get kusa da injin niƙa.

Na tsaya gaban get ɗin har mai niƙa ya fara kallona. Ban ƙwanƙwasa ba. Ita ta buɗe za ta zubar da ruwa, saura kaɗan ta watsa min.

Ta ce, "Kai! 'Yan mata, tsayuwar me kike yi nan kamar soja? Shigo kafin ki yi saiwa."

Sunanta Anti Rahila, 'yar Filato ce. Tsakar gidanta duk akwatunan gilashi da robobi. Na gaishe ta, ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya yara, har na rasa abin tambaya na koma ina wuni. Ta yi dariya. Na buɗe leda na nuna mata mai taurin ganyen. Kaurin jikin nan ya yi baƙi a gefe ɗaya, ya yi laushi.

Ta shinshina, ta ce, "Wa ya binne shi?"

Ban san me ya faru ba. Na ji kalmar kawai, sai ga ni na tafi zan faɗi.

Ta aje ledar ta riƙe ni. "Ganyen nake nufi, 'yata. Ganyen." Sai ta duba fuskata da kyau. "Ke ƙanwar Sammani mai gilashi ce. Hancinku ɗaya." Ta ce ta ji. Ta ce suna sa shi a addu'a a cocinsu duk Lahadi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ba ni ruwa.

Da na natsu ta ce, "To yanzu karatu. Wannan sunansa anubiyas. Kin ga wannan mai kama da citta? Ba saiwa ba ce, jikinsa ne. In ya shiga yashi ruɓewa yake yi. Ba a binne shi. Ɗaure shi ake yi bisa dutse, saiwar ta kama da kanta."

Na ce ai haka Kakata take dashen tumatir...

"Kakarki tumatir take shukawa, kuma ba ta da sikilid a garkarta. Waɗannan 'yan ta'adda ne. Yashin nan gidansu ne, duk abin da kika sa sai sun tone. Mai laushi kuwa salak kika kai masu. Wannan kaɗai ke zama da su lafiya, ganyensa tauri, ba daɗi, sun ɗanɗana sun bari. Dogon kuma ki sa shi a ɗan kasko, ki rufe bakin da duwatsun da suka fi bakinsu girma. Su je su yi ta haushi."

Ta sa reza ta yanke inda ya ruɓe. Ta ƙara min guda biyu. Ta nuna min ɗaurin: zare sau uku, ba a matsewa sosai.

Na yi ƙarfin hali na ce, to me ya sa Yaya ya sayi mai laushin?

Ta ce, "Ba don waɗannan ya saya ba. Ya ce zai haɗa wani ƙaramin akwati, ya sa ƙananan kifi masu hankali. Wai ƙanwarsa ta gama firamare, ba ta da surutu, kifi ne zai dace da ita."

Na koma gida.

Na ɗauki baƙin zare a keken ɗinkin Mama. Na ɗaure uku bisa duwatsu uku. Na sa dogon a kaskon turare, na cika da tsakuwa manya. Zaren ba ya ganuwa.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Sun zauna. Duka. Babu komai bisa ruwa.

Na tsaya gefe ina jiran Mama ta ji sanyi.

Ta zo bakin ƙofa. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta shigo har gaban gilashin. Sai na ga tana zamewa a hankali har ta zauna bisa siminti.

Ta ce, "Ta karɓa."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sai yanzu na gane. Ba tsoro take ji ba duk kwanakin nan. Kullum ta ga ganyen a sama, a wurinta Yaya yana sama da ƙasa ke nan, yana numfashi a wani wuri. Abin da take zuwa nema ke nan kafin ta sha ruwa. Ni na ɗauke mata shi da zarenta.

Laraba, bayan azahar

Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ba ta tambayi ko an ba kifi abinci ba.

Laraba, bayan la'asar

Na shiga shagon da almakashi. In na yanke zaren na binne su, gobe za su tashi, Mama ta tashi. Jibi kuma Kawu ya zo da kura. In na bari, ga ta can kwance.

Na sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. Na tsaya. Rigar tana bayana a gilashi.

Ban yanke ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Na faɗa.

Na kai mata kunu, ta ce in aje. Na aje. Ban fita ba. Na durƙusa bakin gado, na ce Mama.  Na sake cewa Mama, ki zo ki ga wani abu. Ta ce ta gani ai. Na ce ba ki gani ba. Ban taɓa yi mata musu ba. Ta juyo ta dube ni.

Na riƙe hannunta har shagon. Na ciro dutse ɗaya yana ɗigar ruwa, na ɗora a tafin hannunta. Na nuna mata zaren. Na faɗi komai, ƙaryar littafi, Anti Rahila, babban shuɗin da yashi a baki. Na ce ba ƙasa ce ta karɓa ba, ko taɓa ƙasa bai yi ba, ni na ɗaure shi. Na ce da can ma ba ƙasa ce ta ƙi ba, kifi ne. Na tura ɗan tsinke cikin yashi, muka zauna muna jira. Ba a jima ba babban shuɗin ya fito, ya cika baki, ya tofar, ya ture tsinken.

Mama ta kalla har sau uku.

Ta ce, "Wannan zaren kekena ne."

Na ce e.

Ta ce, "Ke nan ba mu san komai ba."

Na ce e, Mama.

"Ko wancan, ko wannan."

Na ce e.

Ta rufe fuska da mayafi. Ta yi kuka da sauti, irin wanda ban taɓa ji ba, a cikin shagonsa, inda ba mai gani sai ni. Na zauna kusa da ita. Da ta gama ta ce kunun nan ya huce? Na ce zan ɗumama. Ta sha rabi.

Sati uku yau.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Kawu ya zo da mai kura da bokiti biyu. Ya ce, "Sadiya, makulli."

Ina tsaye jikin ƙofar shagon. Ban matsa ba.  Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Amana aka bar min."

Ya ce, "Iye? Yau kurma ta yi magana?"

Mama ta fito daga ɗaki da kwanon tuwo a hannu. Ta zauna bisa tabarma inda zai gan ta, ta wanke hannu, ta kai loma. Ta haɗiye. Ta ce, "Yaya, ka bar mata. Kifi ne kawai. Na tuba da wancan."

Kawu ya tsaya yana kallon hannunta, daga kwano zuwa baki. Mai kura ya ce, "Alhaji, a ɗauka ko a bari? Hadari na tasowa."

Kawu ya ce, "Je ka, Malam. Allah ya huta gajiya."

Ya ce in buɗe ya gani. Ya duƙa gaban gilashin, ya daɗe. Ya ce, "Shi ya haɗa wannan da kansa?" Na ce e. Ya ce, "Ko ɗigo ba ya yi." Ya fita da sauri, bai yi sallama ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da safe

Ba labari.

Mama ta zo bayan ta karya. Ta share shagon, ta kakkaɓe rigar ta maida ƙusa. Ta ce yaushe saiwar za ta kama dutsen? Na ce Anti Rahila ta ce kamar wata biyu.

"In ta kama fa?"

Na ce sai a yanke zaren.

Ta ce, "Kar ki yanke. Ki bar wa mai shi ya zo ya yanke da kansa."

Na ce to.

Anti Rahila ta ce zaren ɗinki ko ba a yanke ba, ruwa na cinye shi a hankali, wata rana a duba a ga babu. Wannan ban gaya wa Mama ba.